Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Kwana tara ke nan da muka sauko da Kaka daga benenmu na unguwar Rusaifa a Makka, aka sallace ta a Harami bayan la'asar, muka kai ta makwancinta. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Na san haka, na faɗa ya fi a ƙirga cikin kwanakin nan, amma wallahi har yau in na taka matattakala sai in tsaya ina jiran in ji ta ce, "Wa nake ji kamar Maigida?"

Kwana uku aka yi ana zaman makoki. Maza suna kan kujerun da aka jera a bakin layi, ana zagayawa da gahawa da dabino. Larabawan unguwa suna zuwa suna dafa kafaɗar Baffa, ƙanin mahaifina, suna cewa "azzamallahu ajrakum", namu kuma suna "ya ƙarin haƙuri". Kowa da abin da ya tuna. Wani direban tasi ya ce shekara da shekaru yana kai ta kasuwar unguwar Shisha da buhunan kuka da daddawa, ba ta taɓa sauka ba ta cusa masa ƙullin yaji a aljihu ba. Wata 'yar Chadi ta yi kuka har muna jiyo ta daga ƙasa, ta ce lokacin da aka kama mijinta aka fitar da shi, Kaka ce ta ajiye ta da 'ya'yanta a ɗakinta har ta samu inda za ta dafa. Baffa bai yi kuka a gaban mutane ba. Goshinsa kawai yake ta sharewa da hula, alhali babu gumi.

A rana ta biyu na hau sama in kira Umma. Ina tsaye a bakin ƙofar mata sai na ji muryar aminiyar Kaka, tsohuwar nan ta Shisha da suka tsallako teku a jirgi ɗaya suna amare. Ta ce, "Ni dama na san za a yi haka. Kiransa ta yi, shi kuma ya amsa."

Wata ta ce, "Astagfirullah, Goggo, ajali ne."

Ta ce, "Ajali ne mana, wa ya ce ba ajali ba? Amma ta kira shi."

Ban kira Umma ba. Na sauko na zauna a kujerata, aka miƙo mini gahawa. Wanda bai san gidanmu ba zai ce tsohuwar ta ruɗe. Ba ta ruɗe ba. Ni na san abin da take nufi, don saboda ni aka yi kiran.

Sunan kakana aka sa mini, mijin Kaka, wanda ya rasu saura wata biyu a haife ni. Ita kuwa irin matan nan ne na da, da ba sa kama sunan miji ko da wuƙa a wuya. Tun ranar da aka ɗaura musu aure a wani ƙauye bayan Kano, har suka biyo manyan motoci ta Chadi da Sudan, har suka zauna a Makka, har ya mutu ya bar ta, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. "Malam" take cewa, ko "shi". In an yi baƙo mai irin sunan sai ta ce "mai sunan Malam". Akwai wani Bamisire mai gyara mana wutar lantarki da ya yi rashin sa'ar samun sunan, shekara goma tana kiransa "kai, mai waya". Ni kuma ranar suna ta ɗaga ni sama ta ce, "Maigidana ya dawo." Shi ke nan Maigida ya bi ni. Umma ma ba ta faɗa, sunan surukinta ne, ga shi ni ne ɗanta na fari. Baffa ba ya faɗa, sunan ubansa ne. Na tashi a gidan da sunana na yanka yake rubuce a fasfo da igama, wato katin zama, amma ba na jinsa sai a bakin Balarabe. Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba.

Ina shekara goma sha uku Kaka ta tashi da rigima, wai sai an mai da ni Kano karatu. Umma ta yi kuka, mahaifina ya yi ta kawo uzuri, ta ƙi. Ta ce ta gaji da ganin 'ya'yanmu suna gama makaranta a nan suna tsayawa a ƙofar jami'a ba mai ce musu shigo, daga nan sai turin keken tsofaffi a Harami, sai ɗaukar kaya a Arfa, in an hango motar 'yan sanda kowa ya nemi lungu. "Mijina ba zai yi gudu ba," in ji ta. "Da takarda zai shiga, kuma ta ƙofa."

Ita da kanta ta kai ni. Lokacin Hausata ba ta wuce ta gaisuwa da cin abinci ba, Larabci ne a bakina, Turanci kuwa ko oho. Malamin da ke rubuta sababbin ɗalibai ya yi tambaya da sauri, ban kama ba, na dubi Kaka. Kaka ta dubi bango, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta ce, "Maigida."

Malamin ya ce, "Hajiya, Maigida ne sunansa?"

Ta ce, "Haka muke kiransa."

Ya ɗaga kafaɗa ya rubuta, ta dangwala babban yatsa. Da wannan sunan na yi sakandare, da shi na zauna jarrabawa, da shi na shiga jami'a na karanta aikin ɗakin gwaji na asibiti, jini da fitsari da ƙwayoyin cuta. Duk hutu ina dawowa Makka don kada igamata ta mutu. In zan hau jirgi ni wane ne, in na shiga aji ni Maigida ne, kuma ban taɓa zama na yi tunanin wata rana mutanen nan biyu za su haɗu a kan tebur ɗaya ba. Wannan wautata ce, ba tata ba. Ni ne mai karatun.

Duk Juma'a sai ta sa an kira mata ni. Tambayarta ɗaya ce: "Maigida, yau me ka gani a jinin mutane?" In na ce ƙwayoyin zazzaɓi, sai ta ce, "Ba ka ga hassada ba? To ba a koya muku komai ba tukuna." Da kuka da daddawa da girkin alhazai a Arfa ta riƙe karatun nan bayan rasuwar mahaifina, amma ba ta taɓa goranta mini ba. Abin da take yi mini faɗa a kansa daban ne. Larabawan nan "shirka" suke ce wa kamfani, mu ma 'ya'yan nan haka muke faɗa ba ma jin komai. Kaka ta yi shekara sittin a ƙasar nan ta ƙi kalmar. In na ce in na gama zan nemi aiki a wata babbar shirka, sai ta tofar da yawu ta ce, "A'uzubillahi! Na kai ka karatu ka dawo ka shiga shirka? Ka ce kamfani, ɗan banza."

Ranar da na dawo da shahada, takardar digirin ke nan, ba ta bari kowa ya taɓa ba. Ta wanke hannu, ta karɓe ta a juye don ba ta karatun boko, ta kai hanci ta shinshina. Sai ta jawo akwatinta ta fito da likkafaninta da ta wanke da zamzam tun ina yaro, ta sa takardar a tsakiya ta naɗe.

Umma ta ce, "Haba Hajiya, a cikin likkafani?"

Ta ce, "Nan ne kaɗai ɓarawo ba ya sa hannu."

To ga inda tsoron yake. Tun rasuwar mahaifina takarduna suna rataye a wuyan Baffa. Amma namiji ba ya dawwama a ƙarƙashin wani. Akwai shekarun da in ya kai, ko ya samu wurin aikin da zai karɓi kafalarsa, wato ya tsaya masa a kan igama, ko a buga masa fita ta ƙarshe. Ni kuwa na kai. Fita zuwa ina? A Kano ni ɗan Makka ne, baƙon da ke kwana a ɗakin 'ya'yan wani. A nan aka haife ni, a nan ubana yake kwance, Umma da ƙannena mata biyu suna nan, kuma ni suke kallo.

Wata bakwai ina yawo da fayil a hammata. Ko'ina tambayar farko ɗaya ce: "Ɗan ƙasa ne kai?" In ce a'a, amma a nan aka haife ni. Sai a ce in bar takarduna, za a kira. Ba a kira. Na san injiniyan da ke sayar da turare a bakin otal. Na san wanda muka hau jirgi ɗaya muka tafi jami'a tare, yanzu wankin mota yake a Shisha, in ya hango ni sai ya sunkuya yana goge tayar da ya riga ya goge. Kowa da shahadarsa a ƙarƙashin katifa. Na kai in wayata ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ba ta yi ba ma ya faɗi.

Sai Allah Ya haɗa ni da wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Rusaifa. Mudirin, wato shugaban asibitin, dattijo ne mai gilashi. Bai tsaya dogon surutu ba, ya kai ni ɗakin gwaji ya ce in yi ya gani, na yi, ya gyaɗa kai. Ya ce yana da gurbin baƙo guda ɗaya, zai karɓi kafalata. Muka koma ofis, ya ɗora shahadar da na karɓo daga wurin Kaka a dama, igama a hagu. Ya duba, ya gyara gilashi, ya sake dubawa.

Ya ce, "Ya waladi," wato ɗana, "wane ne Maigida?"

Na ce ni ne.

"To wannan na kan igamar fa?"

Na ce shi ma ni ne. Ya tambaye ni ma'anar sunan, na ce sahibul bait, mai gida. Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, ya turo mini takarduna. Ya ce, "Ni na yarda da kai. Na'ura ce ba za ta yarda ba. Je ka haɗa su, mutum ɗaya nake so. Zan riƙe maka gurbin iya ƙarfina."

Na yi waya Kano, na yi waya jami'a, na yi waya tsohuwar makarantata, wannan ya tura ni wurin wancan. A ƙarshe magana ta tsaya a kan abu guda. Wanda ya sa hannu ranar da aka shigar da ni makaranta, shi zai je ofishin rantsuwa na jakadancinmu a Jidda, ya tsaya gaban mai hatimi da shaidu, ya faɗa da bakinsa cewa yaron da aka rubuta Maigida shi ne wane ɗan wane. Da bakinsa. Hannun da ke kan takardar nan kuwa babban yatsan Kaka ne.

Na same ta bayan azahar tana ƙulla daddawa a leda. Na yi mata bayani tiryan-tiryan.

Ta ce, "A rubuta in dangwala."

Na ce sai an faɗa.

"Baffanka ya faɗa."

Na ce ba yatsansa ba ne a takardar. Ta ƙulla leda uku, sannan ta ce, "To a ce musu mai sunan Malam. Ai Hausawa ne a wurin, za su gane."

Baffa ya kawo limamin masallacinmu ya yi mata nasiha ta bayan labule, ya ce babu laifi a addini mace ta ambaci sunan mijinta. Ta bari ya gama tsaf, ta ce, "Malam, na ce maka haramun ne? Ni ma na san ba haramun ba ne. Bakina ne ba ya iyawa."

Duk da haka ta yarda muka tafi. Baffa ne ya tuƙa. Duk shingen 'yan sandan da muka wuce a hanyar Jidda sai in laluba igamata a aljihu, ko da yake da sauran ranta. Mai hatimin Bahaushe ne mai ladabi, ya tashi ya ba ta kujera. Ya ce, "Hajiya, ki faɗa mana sunan yaron nan na yanka."

Ta buɗe baki. Na ga leɓenta yana motsi, na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da sanyin ofishin. Ta ce, "Sunansa... sunan Malam ne."

"Wane Malam, Hajiya?"

Sau uku yana tambaya. A ta ukun ta sa hannu ta rufe bakinta. Mutumin ya rufe fayil a hankali, ya ce babu komai, mu dawo in ta shirya, ya ba mu rana bayan wata guda.

A mota na faɗa mata maganar da har in mutu ba zan daina jin ɗacinta ba. Na ce, "Kaka, mutumin nan ya mutu, ƙasa ta cinye shi, ba ya jin ki. Ni da nake raye kin zaɓi a kore ni saboda kunyar gawa. Ke kika ɓata mini takarda, ke kuma kika ƙi gyarawa!" Da Larabci na ƙarasa, don ni in na fusata Hausa guduwa take yi. Baffa ya taka birki ya ce in na ƙara kalma ɗaya zai sauke ni a tsakiyar hanya. Ita ko kallona ba ta yi ba. Da muka shigo Makka, ta taɓa kafaɗar Baffa ta ce, "Kai, tsaya a shagon can. Maigida bai karya ba tun safe."

Kwana goma ina gaishe ta daga bakin ƙofa, ba na shiga. Fushi ne, kunya ce, ban sani ba. Ran nan da hantsi na dawo daga wani wurin da aka sake ce mini za a kira. Umma da yara sun fita. Ina kan matattakala na ji murya daga ɗakin Kaka. Na leƙa. Tana zaune ita kaɗai, ta juya fuska ga bango. Harafin farko na sunan take faɗa, ta tsaya, ta yi istigfari, ta sake. Sai na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ka yafe ni. Ba raini ba ne. Yaron ne." Ta sake gwadawa, ya sake maƙalewa. Na koma na zauna a matattakala na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. Ban taɓa gaya mata na ji ba.

Ranar komawa Jidda ta yi wanka tun da asuba, ta ɗaura zanen da ba ta sawa sai Idi, ta yi turare. Ƙanwata ta ce, "Kaka, biki za ki?" Ta ce, "Ina ruwanki." Da mai hatimin ya maimaita tambayarsa, ba ta zauna ba. Ta dogara sanda ta miƙe, ta juyo ta dube ni, ta faɗi sunan. Ba a hankali ba. Da ƙarfi ta faɗa, irin kiran da ake yi wa mutumin da ya yi nisa cikin gona. Shaidun suka sunkuyar da kai. Baffa ya fita waje. Ni kuwa wallahi ban amsa ba, don ban ji kamar da ni take ba. Ta zauna, ta nemi ruwa, aka ba ta, ta dangwala yatsa. Muna hanyar dawowa, tana kallon duwatsu ta taga, sai na ji ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe haka yake da daɗi a baki."

Takardar ta yi makonni tana zagayen hatimi. Ranar da ta kammala na ruga wurin mudir. Ya miƙe tsaye ya tarbe ni, a nan na san babu alheri. Ya ce an ƙara yawan 'yan ƙasar da dole su ɗauka a ɗakin gwaji, gurbin baƙon ya rufe, ba yadda zai yi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Wallahi ya waladi, da wancan watan ka zo." Na fito na tsaya a rana ina lissafi. Da ta faɗa a zuwanmu Jidda na farko, da wancan watan takardar ta kammala.

Ta yaya zan hau bene in faɗa mata haka? Na hau na ce an ɗauke ni. Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta karɓi takardun ta mayar cikin likkafani. Daga ranar kullum sai in sa farar riga a jaka in fita da sassafe, in bi motar wani ɗan kwangila zuwa Arfa, muna wanke tantuna da dardumai kafin zuwan alhazai. Aikin da igamata ba ta yarje mini ba ke nan, in aka kama ni ko kwanakin da suka rage ba zan ci ba. Ido ɗaya a kan tiyo, ɗaya a kan titi. Sau biyu muka hango mota muka watse bayan tantuna, na kwanta a ƙasa. Gudun da ta ce mijinta ba zai yi ba, na yi shi.

A cikin kwanakin nan ƙafafunta suka fara kumbura, ta rage ci. Muka kai ta asibiti aka ce zuciya ce da tsufa. Saura kwana huɗu ta rasu, bayan la'asar, ta sa aka kira ni. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta shafa, ta jawo wuyan rigata ta shinshina.

Ta ce, "Maigida, yaushe aka mai da asibitin naku Arfa?"

Ta saki wuyan rigar ta ci gaba.

"Shekara talatin ina hura wuta a filin nan, ka ce ba zan gane ƙasarsa a wuyan riga ba? Tun kwana na biyu na sani."

Na durƙusa na gaya mata komai. Ta saurara idonta a rufe. Sai ta yi tambayar da nake ta addu'ar kada ta yi. Ta ce, "Da na faɗa a zuwan farko, da ka samu?"

Na ce, "A'a, Kaka. Tun kafin nan aka rufe."

Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ƙarya kake. Amma Allah Ya yi maka albarka." Ta huta, numfashinta yana yin sama, sannan ta ce, "Kada ka ce na faɗa a banza. Ni na raba ka biyu, ni na haɗa ka. Duk inda za su kai ka, mutum ɗaya za su kai. Kuma ka gaya wa uwarka ta cire takardun nan kafin a naɗe ni, kada in tafi wa Malam da digirinka. Ba ya karatun boko."

Na yi dariya ina kuka. Na ce ta yafe mini maganar mota. Ta ce, "Wace mota?" Ta juya ta kwanta.

Da Umma ta warware likkafanin ranar rasuwar, ta tarar Kaka ta sa shahadar da takardar rantsuwar kowace a ledarta, ta bi gefen ledojin da allura da baƙin zare ta ɗinke su wuri ɗaya. Ɗinkin a karkace yake, don idonta ya riga ya yi rauni. Suna nan a gabana yanzu, ban warware ba.

Na san ajali ne. Na karanta jini, na san abin da zuciyar tsohuwa take yi in ta gaji. Amma maganar aminiyarta ta ƙi barina. Shekara sittin da wani abu Kaka tana riƙe da abu ɗaya da yake nata ita kaɗai, na sa ta ta fito da shi a gaban baƙi saboda gurbin da ya riga ya rufe, ba ta ƙara wata biyu ba. Ina jin tsoron wannan. Ina kuma jin tsoron abin da ke gabana, don igamata saura kwana talatin da uku. In aka buga mini fita, zan bar Umma da yara biyu a wuyan Baffa da shi ma ƙarfinsa ya ƙare. Zan kuma bar Kaka a maƙabartar da ba a rubuta suna a kan kabari, in na dawo bayan shekaru, in ma an bar ni na dawo, ba zan gane inda take ba.

Ya Allah, baiwarKa ce ta zo ɗakinKa tana yarinya ta ƙi tafiya. Ka jiƙanta, Ka yalwata mata, Ka haɗa ta da wanda ta kira. Ka yafe mini abin da na faɗa mata a hanyar Jidda, ko da ita ta ce ba ta tuna ba.

Gobe da safe ina da ganawa a wani ɗakin gwaji a Shisha. Sun ce in zo da takarduna, ba su yi mini alkawarin komai ba. Na san abin da za su fara tambaya bayan "ɗan ƙasa ne kai", shi ya sa ɗazu da hantsi na shiga ɗakinta, na zauna inda take zama, na juya fuska ga bangon nan, na faɗi sunana na yanka da ƙarfi don bakina ya saba. Sau uku na faɗa, ya fita sumul. Sai na lura tun ranar da aka fita da ita babu wanda ya kira ni da ɗayan sunan, wanda ita ta sa mini. Umma "kai" take cewa, Baffa ma haka, yaran kuma "Yaya". Na ce bari in faɗa da kaina, ko sau ɗaya, in ji shi a ɗakin. Na buɗe baki, harafin farko ya fito, sauran ya maƙale.